Palermo: Abin da ya kamata ka sani kafin ka taka birnin Italiya da Musulmi suka mulka fiye da shekara 200

Ga yawancin matasan Nijar, sunan tsibirin Sisiliya ba ya zuwa sai tare da labarin kwale-kwale, da gawawwaki, da sansanin ƴan ci-rani. Da wuya ka ji wani a Maraɗi ko Damagaram ya ambace shi a matsayin wurin da mutum zai je ya yi kwana biyar yana buɗe ido ya koma gida. Amma babban birnin tsibirin, Palermo, mai mutane sama da 600,000, yana cikin biranen Turai da ɗan Sahel zai fi saurin sabawa da su. Akwai rana, akwai kasuwar da ake kiran ciniki da ƙarfi, akwai babura da ke ratsa cunkoso ba tare da neman izinin kowa ba, kuma akwai rubutun Larabci a jikin gine-ginen da suka haura shekara 800.

Yanzu da ƴan uwanmu da dama suka samu takardun zama a Faransa, Beljiyam, Jamus da arewacin Italiya, zuwa Palermo ya zama abu mai sauƙi gare su: awa biyu ko uku a jirgi, wani lokaci a kuɗin da bai kai na takalmi mai kyau ba. Wanda ke gida kuwa aikinsa ya fi yawa, kuma daga nan ya kamata a fara.

Takardu kafin komai

Italiya na cikin yankin Shengen, don haka mai fasfon Nijar sai da biza. Bizar gajeren zama tana ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da su idan an hana ka. Ana son fasfon da zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar Turai, da inshorar lafiya da za ta iya biyan yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da takardun banki. Ana iya ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45, saboda haka wanda ya bari sai saura mako biyu ya cuci kansa.

Abin da masu bayar da biza suka fi dubawa ba yawan kuɗin da ke asusu ba ne kawai, sai dai dalilin da zai sa ka dawo: aiki, shago mai rajista, makaranta, iyali. Kuɗin da aka aro aka zuba a asusu ana gobe za a fitar da takardar banki, sun san shi kamar yunwar cikinsu. Haka kuma doka ta ce a nemi biza wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Wanda ya karɓi bizar wata ƙasa alhali Italiya zai nufa, yana iya shan tambayoyi a filin jirgi. Tun watan Oktoban 2025 kuma aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyakokin Shengen, kwamfuta ce ke lissafa kwanakin kowa. Wanda ya wuce wa'adinsa ko da ƴan kwanaki ne, sunansa ya shiga, kuma bizar gaba za ta yi masa wuya.

Mazauna Turai su ma suna da tarko nasu. Katin zama mai aiki tare da fasfo ya isa a shiga Italiya. Takardar neman mafaka kuwa ba takardar tafiya ba ce, haka ma rasit ɗin da ake bai wa wanda ya nemi katin zama karo na farko a Faransa. Kamfanonin jirage masu araha ba sa sauraron bayani a bakin ƙofa. Idan takarda ba ta yi ba, tikitin ya tafi a banza.

Ga wata doka da mutane da yawa ba su sani ba. Idan a gidan ɗan uwa ko aboki za ka sauka, dole mai gidan ya sanar da ƴan sanda a rubuce cikin awa 48, in ba haka ba tara ta hau kansa. Otal shi yake yin wannan da kansa, shi ya sa ake karɓar fasfonka a wurin rajista. Kada ka jefa wanda ya yi maka karamci cikin matsala, ka tuna masa tun kafin ka iso.

Sai batun tsaraba. Kilishi da cuku ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi. An haramta nama da kayan madara daga ƙasashen waje, kuma jami'an duwan na ƙwacewa, wani lokaci har da tara. Abin takaici ne, domin babu abin da ɗan Nijar da ke Turai yake marmari kamar kilishin gida, amma haka dokar take. Tsabar kuɗi kuma, daga yuro 10,000 zuwa sama sai an bayyana su.

Yadda ake isa

Babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Palermo. Ana bi ne ta Istanbul, Kasablanka ko Addis Ababa, sau da yawa sai an sake canji a Roma ko Milan. Wanda ke Tunusiya da biza a hannu yana da jirgin ruwan fasinja daga Tunis, tafiyar awa goma zuwa goma sha biyu. Daga Napoli ma akwai jirgin ruwan dare: ka kwanta da daddare, ka farka da safe ga duwatsun Palermo a gabanka. Mai son abin mamaki kuwa ya hau jirgin ƙasa daga Roma. Idan an isa mashigin Messina, ana raba taragon a tura su cikin jirgin ruwa, a tsallaka da su, a sake haɗa su a ɗaya gefen. Tafiyar na cinye yini guda, amma labarinta ya ishe ka hira a fada har shekara.

Filin jirgin saman yana da nisan kilomita kusan 35 daga gari. Akwai jirgin ƙasa da kuma bas na kamfanin Prestia e Comandè, dukkansu suna kai mutum babbar tashar jirgin ƙasa cikin kusan awa guda a kan kuɗin da bai kai yuro 10 ba. Tasi ya ninka haka sau da yawa. Idan dole sai shi, a shiga mai lamba na hukuma, a kuma tsayar da farashi kafin a rufe ƙofa.

Sunan filin jirgin, Falcone Borsellino, na alƙalai biyu ne da ƙungiyar Mafiya ta kashe a 1992. Giovanni Falcone an tayar da bam a ƙarƙashin babbar hanya kusa da Capaci ranar 23 ga Mayu, ya mutu tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Paolo Borsellino ya bi shi ranar 19 ga Yuli. Bas ɗin da zai kai ka gari ta wannan hanya yake bi, kuma za ka ga dogayen ginshiƙai biyu na tunawa a gefen titi.

Birnin da Larabawa suka kira Madina

Wanda ya yi karatun zaure zai ji daɗin wannan ɓangare. Rundunar Musulmi da ta sauka a Mazara, a kudu maso yammacin tsibirin, a shekarar 827, ba wani sarkin yaƙi ne ya jagorance ta ba. Alƙalin Ƙairawan ne, Asad ibn al-Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Daga tambayoyin fiƙihun da ya tara ne Sahnun ya gina Mudawwana, littafin da malaman Malikiyya a ƙasarmu suke ambata har gobe. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama fadar mulki, ta kuma ci gaba da zama haka har 1072. Matafiyi Ibn Hawƙal, da ya ziyarce ta a 973, ya ce masallatanta sun kai ɗari uku.

To, kada ka je kana neman waɗannan masallatai, domin babu ko ɗaya da ya rage a tsaye. Normawa, wasu mayaƙa Kiristoci ƴan asalin arewacin Faransa, su suka ƙwace birnin a 1072. Abin da ya bambanta su da sauran masu cin ƙasa na zamanin shi ne ba su kori magina da marubuta da malaman Musulmi ba, sai suka ɗauke su aiki. Larabci ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin harsunan fada. Saboda haka yawancin abin da ake kira ginin Larabawa a Palermo yau, sarakunan Kirista ne suka sa aka yi, da hannu da fasahar Musulmi. Zaman bai ɗore ba. A ƙarni na 13 sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin ya kai su Lucera, a can cikin Italiya. A 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya.

Tsohon gari da ƙafa ake zagaya shi. Manyan tituna biyu ne suka raba shi gida huɗu, Via Maqueda da Via Vittorio Emanuele, suna haɗuwa a mararrabar Quattro Canti. Na biyun mutanen gari Cassaro suke ce masa, daga kalmar Larabci al-ƙasr, wato fada. Unguwar Kalsa da ke bakin teku daga al-Khalisa ta samo suna, ganuwar da aka gina wa masu mulki a 937.

Ka fara da babbar majami'ar birnin, wadda a zamanin Musulmi nan babban masallacin Juma'a yake. Kafin ka shiga, tsaya a rumfar ƙofar da ke fuskantar fili, ka duba ginshiƙin farko na hagu. Akwai rubutu a sassaƙe a jikin dutsen: aya ce ta 54 a Suratul A'araf. Dubban masu yawon buɗe ido na wucewa ta gabansa kullum ba su lura ba, kai kuwa za ka iya karanta shi.

Daga nan tafiyar minti biyar ce zuwa fadar Normawa, inda majalisar dokokin yankin Sisiliya ke zama a yau. A cikinta ne ɗakin ibadar da ake kira Cappella Palatina yake, wanda sarki Roger na Biyu ya gina bayan naɗinsa a 1130. Bangon duk ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinariya, aikin Girkawa. Rufin kuwa na katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin na fadojin Masar, an zagaye shi da rubutun Kufi da zanen makaɗa da masu wasan dara. Idan wuri ɗaya kawai za ka biya kuɗin shiga a Palermo, to nan ne. A je da sassafe kafin motocin ƴan yawon buɗe ido su iso, a kuma san cewa ranakun da majalisa ke zama ana rufe wasu ɗakunan. A bangon waje akwai allon dutse na shekarar 1142 da ke ba da labarin wani agogon ruwa cikin harsuna uku: Latin, Girkanci da Larabci.

A wannan fada ne ɗan Nijar yake da rabo na musamman. Nan Sharif al-Idrisi, haifaffen Sabta, ya kammala littafinsa na labarin ƙasa, Nuzhat al-Mushtaƙ, a 1154, bisa umarnin Roger. Taswirarsa kudu ce a sama, arewa a ƙasa, wato Afirka ce ke bisa Turai. A cikin littafin ya yi bayanin Gao da Kanem, ya kuma yi bayanin garuruwan Kawar, yankin Bilma na yau, da ma'adinin da Larabawa ke kira shabb, wanda marina da majema ke amfani da shi, ayari na ɗaukarsa daga can zuwa Masar da Magrib. Ke nan shekara 870 da suka wuce, a wani ɗaki na Palermo, ana zaune ana rubuta labarin hamadar Nijar.

Wanda ke da sauran ƙarfi ya ƙarasa fadar Zisa, daga kalmar al-Aziza, wadda aka soma ginawa a 1165. An tsara ta ne don zafi: ruwa na gangarowa daga bango ya ratsa tsakiyar zaure, iska na shigowa ta bisa tafki ta sanyaya kafin ta kai ɗakuna. Duk wanda ya san sanyin soron ƙasa a Damagaram a watan Afrilu zai gane dabarar nan take. A can ma aka ajiye wani dutsen kabari na ƙarni na 12 mai rubutu iri huɗu, har da Larabcin da aka rubuta da baƙaƙen Yahudawa. Majami'ar Monreale kuma, a kan tudu kilomita kaɗan daga gari, bas mai lamba 389 ke zuwa daga dandalin Indipendenza. Adon zinariyar da ke bangonta ya haura murabba'in mita 6,000.

Akwai wurin da littattafan yawon buɗe ido ke yawan tallatawa, ramin ƙarƙashin ƙasa na limaman Kapucin, inda aka jera dubban busassun gawawwaki da tufafinsu a jikin bango. Wanda tarbiyyarsa ta koya masa suturta mamaci ba zai rasa komai ba idan ya tsallake shi.

Ballarò

Zuciyar Palermo ta yau tana kasuwar Ballarò, kusa da babbar tasha. Masu kifi da masu kayan miya suna kiran ciniki da wata irin murya mai ja kamar waƙa, ana soya abu a kowace kusurwa, ruwan ƙanƙara na bin ƙasa. A tsakanin tsofaffin ƴan kasuwar Sisiliya akwai shagunan ƴan Bangaladesh, ƴan Ghana, ƴan Gambiya, ƴan Senegal, ƴan Najeriya da ƴan Tunusiya. Za ka samu doya, kuɓewa, manja, busasshen kifi da wanzamin da ya san gashinka. Idan ka kasa kunne, ba mamaki ka ji Hausar zangon Kumasi. A wasu lungunan sunayen tituna an rubuta su da Italiyanci, Ibraniyanci da Larabci.

A jikin wani dogon bango a unguwar akwai katafaren zanen baƙin mutum cikin rigar limaman coci. Shi ne San Benedetto il Moro, ɗan bayin da aka kawo daga Afirka, an haife shi a Sisiliya, ya rasu a Palermo a 1589, kuma yana cikin waliyyan da Kiristocin birnin ke ɗauka a matsayin majiɓinta garinsu. Baƙar fata ba baƙon abu ba ne a nan. Tsohon magajin gari Leoluca Orlando, wanda ya sauka a 2022, ya yi suna wajen kare ƴan ci-rani, har ya fitar da wata takarda a 2015 da ke neman a ɗauki ƙaura a matsayin haƙƙin ɗan Adam.

Wannan ba ya nufin aljanna ce. Ballarò unguwar talakawa ce, gidaje da yawa sun tsufa, shara na taruwa, kuma ƙwayar da ake kira krak ta yi wa matasanta illa ƙwarai a ƴan shekarun nan. Da rana ka yi yawonka hankali kwance, waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Da dare ka tsaya kan manyan titunan da ke da haske da jama'a, ka bar lunguna da bayan tasha. Kada ka riƙe wa wanda ba ka sani ba kaya, ko da da Hausa ya gaishe ka. Ƴan sanda kan tsayar da baƙaƙen fata su nemi takarda fiye da yadda suke yi wa wasu, wannan gaskiya ce, don haka fasfo ko katin zama kada ya bar jikinka, kwafinsa kuma ya kasance a waya. Lambar gaggawa 112 ce.

Mafiya kuwa ba ruwanta da mai yawon buɗe ido. Ƴan kasuwa take tatsa, da kuɗin kariyar da ake kira pizzo. Tun 2004 wata ƙungiyar matasa mai suna Addiopizzo ke haɗa shagunan da suka ƙi biya, kuma za ka ga tambarinta a manne a ƙofofinsu. A 2016 wasu ƴan kasuwa baƙi a Via Maqueda, yawancinsu ƴan Bangaladesh, suka haɗa kai suka kai ƙarar masu tatsarsu, aka kama su. Abin da ƴan gari da yawa suka ji tsoron yi, baƙi suka yi. Shawara ɗaya a nan: kada ka yi wasa da kalmar Mafiya a gaban mutanen Palermo, ko ka sayi rigar da aka buga hoton ubangidan ƴan daba. Akwai waɗanda suka binne ƴan uwansu saboda ita. Mai sha'awar fim ya je ya ɗauki hoto a matakalar Teatro Massimo, gidan wasa mafi girma a Italiya, inda aka ɗauki ƙarshen The Godfather na uku, ya tsaya nan.

Abinci da sallah

Nan ne Musulmi ke buƙatar buɗe ido sosai, domin alade a Palermo ba kullum yake zuwa da kamannin nama ba. Ka haddace kalmomin nan: maiale shi ne alade, strutto da sugna kitsensa ne, prosciutto, pancetta da salame duk namansa ne, vino kuma giya. Fitaccen abincin titi na birnin, burodi da saifa da huhun maraƙi da ake kira pani ca meusa, ƙamshinsa zai tuna maka da tukubar mai tsire, amma a cikin kitsen alade ake soya shi. Arancina, dunƙulen shinkafar da ake soyawa, iri biyu ta fi yawa: mai niƙaƙƙen nama, wanda sau da yawa haɗe yake da alade, da mai man shanu, wadda ake saka wa prosciutto. Ka nemi mai alayyafo ko mai baƙin yalo. Hatta kayan zaƙin da ake kira cannolo, ɓawonsa a al'ada da kitsen alade da ɗan giya ake kwaɓa shi. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma masu sayarwa sun saba da ita.

Abin da ya rage yana da yawa. Panelle ƙosai ne na garin wani irin wake da Larabawa ke kira hummus, ana soya shi fale-fale a cusa a burodi a matsa lemun tsami, yuro biyu ko uku ka ƙoshi. Akwai taliya da kifin sadin, akwai caponata ta baƙin yalo da zaitun, akwai gasasshen kifi iri-iri, akwai granita, ƙanƙarar lemun tsami ko ta almon da ake sha da safe. Mahautan halal suna nan birjik a Ballarò da kewayen Via Maqueda. Gidan abincin Moltivolti, wanda ƴan Sisiliya da baƙi suka kafa tare a 2014, yana dafa na Sisiliya da na Afirka a tukunya kusa da tukunya. A gidan abinci na zama za ka ga an ƙara wani kuɗi mai suna coperto a kan kowane mutum. Ba cuta ba ce, kuɗin tebur ne. Kofi kuma a tsaye a gaban kanta ya fi araha a kan a zaune.

Babban masallacin birnin yana dandalin Gran Cancelliere, taku kaɗan daga Cassaro. Tsohuwar majami'a ce da aka mayar masallaci a 1990, ƙarƙashin kulawar ƴan Tunusiya. Daga waje ba za ka ga hasumiya ba, kuma ba a kiran sallah da lasifika, don haka sai ka dogara da waya wajen sanin lokaci. Akwai ƙananan masallatai a ɗakunan ƙasa a kewayen Ballarò. Duk mai shago ɗan Bangaladesh zai nuna maka mafi kusa. Idan tafiyarka ta dace da ƙaramar sallah ko babba, dubban mutane ke taruwa a filin ciyawa na Foro Italico, a bakin teku, su yi Idi.

Lokacin zuwa da zirga-zirga

Afrilu zuwa farkon Yuni, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su suka fi daɗi. Kada ɗan Tawa ya ce zafin Turai wasa ne. A kusa da Siracusa, a wannan tsibiri, aka auna digiri 48.8 a watan Agustan 2021, mafi zafi a tarihin Turai. Idan iskar shirokko ta taso daga Sahara ta tsallako teku, tana zuwa da ƙura da gumin da ba mu saba da shi ba. A watan Agusta masauki na tsada, shaguna da yawa kuma suna rufewa a kewayen ranar 15. Daren 14 ga Yuli kuwa bikin Santa Rosalia ne, wanda aka yi wa cikar shekara 400 a 2024. Gari na cika maƙil, ana wasan wuta a bakin teku, ɗaki kuma sai wanda ya kama tun da wuri. Damunarsu a lokacin sanyinmu take, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki mai kyau.

Motocin bas na gari na kamfanin AMAT ne. Ana sayen tikiti a shagunan taba masu alamar babban harafin T, a buga shi a na'ura da zarar an shiga. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, kuma masu bincike ba sa jin "ni baƙo ne". Haka dokar take ga tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa: a buga kafin a hau. Bas ba ya cika zuwa kan lokaci, abin da ba zai ba ɗan Nijar mamaki ba. Hayar mota a cikin gari wahala ce kawai, ga kyamarorin da ke cin tarar duk wanda ya shiga tsohon gari ba izini, ga masu tsaron mota na bogi da ke neman na goro. Keken doki da keke mai ƙafa uku na ƴan yawon buɗe ido, a yi ciniki kafin a hau. Jakunkuna da tabarau na jabu da ake shimfiɗawa a bakin titi kuma, dokar Italiya har mai saye take ci tara.

Don ganin teku, bas mai lamba 806 na zuwa Mondello, gaɓa mai farin yashi da ruwa garai-garai. Yawancin wurin na haya ne, amma akwai ɓangaren kyauta. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Cefalù, ƙaramin gari a gindin wani katon dutse, tafiyar kusan awa guda ce a jirgin ƙasa, ana zuwa a dawo a yini ɗaya.

Ɗaya fuskar tsibirin

Tsakanin Sisiliya da Tunusiya bai fi kilomita 150 ba, kuma wannan ɗan tsakanin na cikin hanyoyin ƙaura mafi kisa a duniya. Ranar 3 ga Oktoban 2013 mutum 368 suka nitse a gaban Lampedusa, ƙaramin tsibirin da ke ƙarƙashin yankin Sisiliya. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun 2014. Da yawa cikinsu ta Agadas suka bi. Tun da aka soke dokar 2015-36 a Nuwamban 2023 hanyar hamada ta sake buɗewa, amma teku bai canza ba.

Waɗanda suka tsira za ka gamu da su a Palermo, wasu sun yi karatu sun samu aiki, wasu suna wanke kwanuka ko tura kaya a kasuwa. Da kaka ɗaruruwa kan tafi Campobello di Mazara tsinkar zaitun, inda aka daɗe ana kwana a bukkokin leda da kwali, dillalan ƙwadago na yankar wani abu daga ladan yini. A Satumban 2021 gobara ta cinye sansanin, mutum ɗaya ya ƙone. Hoton da ake turowa gida a Facebook a gaban Teatro Massimo ba ya nuna wannan.

Nijar na cikin ƙasashen da Italiya ke ware wa guraben ma'aikata a tsarin da ake kira decreto flussi. A tsarin, mai ɗaukar aiki a Italiya shi ke shigar da buƙata ta intanet, ba ma'aikaci ba, kuma ba a sayar da gurbin. Hukumomin Italiya da kansu sun sha bankaɗo kamfanonin bogi da ke karɓar miliyoyi su ba mutum takardar izini, ya iso ya tarar babu gona, babu mai gona, ya koma marar takarda a ƙasar da ya shigo ta ƙofa. Duk dillalin da ya nemi kuɗi a Yamai ko Maraɗi don samo maka wannan takarda, ka nemi cikakken sunan kamfanin da adireshinsa, ka sa wani ɗan uwa da ke Italiya ya je ya gani da idonsa kafin ka fitar da ko dala ɗaya.